Ƙullin Taba Biyu a Bakin Taga

Litinin, da hantsi

To, wai sai na faɗi rana da lokaci tukuna. Litinin ce, rana ta ɗan ɗaga. Ni ce Philomene. Ban san ko abin nan yana ji ba, 'yar fitilarsa dai ta yi ja.

Raylene ce ta ba ni, wadda aka turo daga birni ta duba Gidan Iyaye, ta ce ko yana amfani ko ba ya yi. 'Yar ƙabilar Cree ce kamar mu, kakarta daga ƙetaren tafki take. Ta raba wa tsofaffi irin wannan 'yar rikoda, ta ce duk abin da ya zo mini in faɗa, in na so in mayar mata, in ban so ba tawa ce. Ba zan mayar ba. Ina gaya miki tun yanzu, ke 'yar aba, don kada ki sa rai da komawa birni.

Gidan nan, idan ma'aikatan gwamnati za su raba uwa da 'ya'yanta, maimakon a kai yara hannun baƙi, sai a kawo su nan gaba ɗaya su zauna har uwar ta miƙe. Ovide ne ke riƙe da shi, ɗan yayata Eugenie mai rasuwa. Ni ina zuwa in zauna a kicin, in riƙe jarirai, in koya wa masu so jima da ɗinkin takalmin fata. Abin da Raylene ta rubuta shi masu ba da kuɗi za su karanta kafin tafki ya daskare. Su ce a ci gaba, ko su ce a rufe.

Abin da nake son sani, yaya ake auna gida? Fata dai sai ka ɗaga ta a rana ka ga inda ta yi sirara. Gida fa, wa zai ɗaga shi?

Talata, da rana

Na yi wauta yau.

Ovide ya zo mayar da ni gida, ya shigo har ciki, abin da ba ya yi. Ya ciro taba ƙulle a jan ƙyalle. Yaro ma ya san yadda ake yi: mai roƙo ya faɗi buƙatarsa har ƙarshe, tsoho ya saurara, in zai iya ya karɓa, in ba zai iya ba ya bar tabar inda take. In ka karɓa kuwa, ka ɗaure kanka. Ni da na koya wa rabin garin nan haka.

Amma tun yana rarrafe duk abin da ya miƙo mini karɓa nake yi. Dutse, mataccen kwaɗo, komai. Ya ce, "Inna, ina roƙonki," sai kawai na ga tabar a hannuna.

Shi ma ya gani. Sannan ya ƙarasa. "In an zauna zama da matar nan, a bar maganar Kendra. Ta wuce. In suka ji a birni, gidan ya tafi, kuma akwai yara a ciki yanzu haka."

Na ce to. Me zan ce? Ga tabar can a bakin taga.

Laraba, da safe

Na gaya wa Adele, mai dafa abincin gidan. Tare muka tashi, ta girme ni amma tana musu. Tana suyar banok, irin wainar fulawarmu, ta yi dariya har da tari.

"Ke tsohuwa, kifi ma sai ya shinshina ƙugiya kafin ya haɗiye."

"Soya abinki, yana ƙonewa."

"Ba ya ƙonewa. Ke ce kika ƙone."

Daga nan ta daina dariya, ta juya wa tukunya baya, ta tsaya tana kallon matakalar ƙofa ta taga. Ni ban kalla ba.

Juma'a, da yamma

Yau na ga yadda Raylene za ta yi awonta, kuma abin ya ba ni sha'awa.

Waɗanda suka zo a baya gadaje suka ƙirga, suka leƙa firji. Ita sandunan tipi, tantinmu na gargajiya, ta sa aka kwaso daga rumbun Ovide aka zube a bayan gida. Ta ce ai kowace sanda tana da koyarwarta, yadda kakanni suka bari. Za mu riƙa zama da'ira, iyaye da ma'aikata da tsofaffi, a ɗauki sanda ɗaya, a zagaya da dutse, mai dutse shi kaɗai ke magana. A tambaya: wannan koyarwar tana tsaye a gidan nan? In mun yarda tana tsaye, a kafa sandar. In ba mu yarda ba, a bar ta a ƙasa. A ƙarshe a ga ko tantin zai rufu.

Ta san sunayensu a jere, har waɗanda na manta. Na ce, "'Yata, a ina kika koya?" Ta ce rabi wajen kakarta, rabi a makaranta, kuma sassan biyu har yau ba su gama shiryawa ba.

Uku na farko aka ɗaure yau: biyayya, girmamawa, tawali'u. Sun tsaya. A kan tawali'u wata daga cikin iyayen ta ce ta taɓa ganin Ovide yana wanke bayan gida da hannunsa. Kunyar duniya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Asabar, da hantsi

Agwagin daji sun wuce da yawa yau, duk sun nufi kudu. Birni ma kudu yake.

Litinin, da yamma

Raylene ta zo gidana. Ta kawo ganyen shayi, ta zauna, ba ta yi gaggawa ba, har muka gano cewa kakarta ta taɓa cin ubana a gasar tuƙin kwalekwale. Sannan ta ɗora taba a kan tebur, ƙulle a shuɗin ƙyalle, ta janye hannunta.

Ta ce, "Kokum," wato kaka, "kin fi kowa daɗewa a kicin ɗin nan. Ina roƙon ki faɗi abin da idonki ya gani, mai daɗi da marar daɗi. In ba za ki iya ba, ba komai, mu sha shayinmu."

Wannan karon na saurara har ƙarshe. Na san abin da nake yi. Shayina ya huce ina kallon ƙullin. Na ce a raina, bar shi, Philomene, kina da ɗaya a taga. Sai na ɗauka.

Don me? Ina ta tambayar kaina tun ɗazu, kamar wata ce ta yi ba ni ba. Ko don ba wanda ya taɓa tambayata ne.

Ta hangi jan ƙullin da za ta fita. Ta kau da kai. Yarinyar tana da tarbiyya.

Talata, da safe

Biyu ne yanzu. Na raba su, ɗaya wannan gefen taga, ɗaya wancan.

Alhamis, da rana

Sandar tsabta ta tsaya, Adele tana ta hura hanci kamar ita ta sare ta daga daji. Da aka zo sandar rabawa, ɗaya daga cikin 'yan matan ta riƙe dutse ta ce komai ana rabawa a gidan nan in ban da sukarin da Kokum Adele ke ɓoyewa a gwangwanin gishiri. Dole Adele ta jira dutse ya zagayo kafin ta rama, tana ta kumbura, mu kuwa muna ta dariya. Da ya iso hannunta ta ce, "Haƙoran 'ya'yanku nake karewa, marasa godiya." An kafa sandar.

Na lura da wani abu. Raylene ba ta rubutu lokacin da mutum ke magana. Sai an yi shiru take rubutawa. Na tambaye ta, ta ce shirun ma amsa ce, tana so ta tuna inda ya faɗo.

Ya faɗo sau da yawa yau. Duk lokacin da aka ambaci ƙofa.

Juma'a, da safe

Ba zan yi maganar Kendra ba. Amma wannan abar ai ba zama ba ce, ba kuma Raylene ba ce.

Ɗaya ce daga cikin iyayen gidan. Ta iya ɗinki. Hannunta ya fi nawa a kan duwatsun ado, ban taɓa gaya mata ba. 'Ya'yanta biyu, ƙaramin yana cizo. Ta kusa gama zamanta, har an fara yi mata neman ɗaki. Lokacin tsinkar 'ya'yan daji ne, ƙanenta ya rasu, ta je jana'iza.

Dokar tana manne a ƙofa. Ban iya karanta ta ba, amma kowa ya san ta. Wadda ta dawo da warin giya ba ta kwana a gidan.

Haka ta dawo. A baƙar leda aka zuba kayanta, irin ta shara. Abin da na kasa ganewa ke nan. Akwai kwalaye a rumbu.

Ya isa haka.

Lahadi, bayan coci

Yau Eugenie ce a raina.

Ranar da jirgin saman gwamnati ya sauka a kan tafki don kwasar yara zuwa makarantar kwana, ni ubana ya kife kwalekwale a kaina a cikin ciyawa, ya ce in na yi motsi zai sayar da ni ga masu sayen fata. Eugenie tana ɗiban ruwa a bakin tafki, ba a samu ɓoye ta ba. Shi ya sa ita ta iya karatu, ni ban iya ba. Daga nan muka shige daji wajen tarko, ban sake kwana a gari ba sai da na zama budurwa.

Da ta dawo, gado take gyarawa kamar za a auna shi da zare. Komai da lokacinsa. In ka rungume ta sai ta ƙame kamar itace. Ba muguwa ba ce, ta fi ni tausayi, amma doka ce kaɗai abin da ta yarda ba zai ci amanarta ba. In Ovide ya wuce lokacin dawowa, sai ta sa sakata. Ya zo ya kwana a ƙasan ɗakina kusa da murhu, da safe ya koma kamar ba a yi ba.

Ina mamakin yadda abu ke bin jini ba tare da an koya wa kowa ba. Ko kuwa koyarwar ke nan, ba mu san muna yi ba.

Litinin, da yamma

A mota na gwada shi. Na ce, "Ɗana, dokar nan ta ƙofa, wa ya kawo ta?"

Ya ce, "Ni. Kuma ba na jin kunyarta, Inna. Kin manta shekarar da aka fasa mana taga, gilashi ya zuba a gadon jariri? Dokar nan ce ta sa gwamnati ke yarda ta bar mana yara. In na ɗaga wa ɗaya ƙafa, gobe na ɗaga wa kowa."

"An ji labarin Kendra?"

"Wayarta ba ta shiga."

"Yaran fa?"

Ya ƙara muryar rediyo. Ana sanar da wasan bingo.

Gaskiya yake faɗi, abin da ya dame ni ke nan. Da ƙarya yake yi da na huta.

Laraba, da hantsi

Sandar zumunta ranar Juma'a. Raylene ta faɗi sunanta da harshenmu, wahkohtowin, kowa ya gyara zama.

Alhamis, da safe

Adele ta ce in yi ciwon ƙafa gobe. Ta ce a shekarunmu ba wanda zai yi musu.

Na ce, "Taba biyu na karɓa, in gudu in ci amanar duka biyun?"

"To ki ci ɗaya ki bar ɗaya, uwar haɗama."

"Ana mayarwa ai."

Ta ajiye wuƙa. "Wa kika taɓa gani ya mayar?"

Mutum ɗaya na gani, ina ƙarama. Wani tsoho da aka roƙa ya yi wa mara lafiya magani, ya kwana da tabar, ya ga ba zai iya ba, ya taka har gidansu ya mayar. An daɗe ba a gaisa da shi ba. Amma ba wanda ya ce ya yi ƙarya.

Alhamis, da yamma

Na je da ƙafa. Na same shi a bayan gidansa yana faskare.

Na ce, "Ovide, ga tabarka. Na karɓa kafin ka gama magana, laifina ne. Abin da ka roƙa ba zan iya ba. Na zo ne don kada ka ji gobe a gaban mutane ba ka shirya ba."

Bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Inna, in suka rufe, ina zan kai yaran da ke ciki? Gidanki?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba, ɗana."

Na ɗora ta a kan kututturen da yake faskare a kai, don dole ya ɗauka ko ya daina aiki. Na juyo. Har na kai kwanar hanya ban ji saran gatari ba.

Juma'a, rana ta faɗi

Bari in zauna.

Ovide ya zo. Na ɗauka ba zai zo ba. Dutse ya bi hannun rana kamar kullum, ya iso gare shi kafin ni. Ya riƙe, ya juya shi, ya juya, ya miƙo mini. Da ɗumin hannunsa.

Na yi niyyar in kewaya, in ba da labarin wata tsuntsuwa ko makamancin haka, yadda tsofaffi ke yi don kada a kunyata kowa. Sai na ji bakina ya tafi kai tsaye. Na faɗi abin da na gani ta tagar kicin. Ledojin a kan matakala. Kendra a tsaye da takalmin jana'iza, tana cewa a bar ta ta kwana ko a baranda ne. Farar motar ma'aikatan gwamnati da ta zo ɗaukar yaranta kafin a gama abincin rana. Ƙaramin ya ciji matar da ta ɗauke shi. Na ce gidan nan ya yi wa mutane alheri mai yawa, da idona na gani, kuma wanda ke riƙe da shi ɗana ne. Amma a koyarwar da na sani, ɗan'uwa in ya faɗi kusa ake matsowa, ba nesa ba.

Na miƙa dutse.

Abin da ban zata ba shi ne na gaba. Yarinyar da ke gefena, mai tsokanar Adele, ta ce tun ranar nan kayanta a ƙulle suke a ƙarƙashin gado. Ta kusa da ita ta ce ita ma. Wata ta ce akwai ranar da abin ya taso mata sosai, tana son ta gaya wa wani, amma ta ji tsoron ƙofa, sai ta haɗiye. Ashe duk muna kwana da abu ɗaya, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Raylene ta tambaya ko a kafa sandar. Ba wanda ya motsa. Tana nan a kwance a ciyawa.

Adele ce ta rako ni gida. Ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin har ya ba ni tsoro.

Litinin, da safe

Ovide bai zo ɗaukata ba.

Talata, da safe

Bai zo ba. Bakin tafki ya fara yin fari.

Alhamis, da rana

Na bi motar makaranta na je. An ja rufin tantin a kan sandunan da suka tsaya. Ya rufu, amma ta gefen arewa ya lotsa, iska na kaɗa shi. Na zagaya shi ina dubawa. Ashe haka ake ɗaga gida a rana.

Yara sun mayar da wurin lotsawar ƙofar wasa, suna shiga suna fita.

Asabar, da yamma

Raylene ta tara mu ta karanta mana abin da ta rubuta kafin ta aika, wai maganarmu ce, sai mun yarda. Ta sa komai. Sukarin Adele, wankin bayan gida, ledoji. Ba ta sa suna ba. Ta rubuta cewa gidan da matansa suka iya faɗin haka a gaban shugabansa, gida ne mai rai, a gyara shi ba a rufe ba. Ta ce ra'ayinta ke nan, amma ba ita ke yanke hukunci ba, kuma ba za ta yi mana alkawarin da ba ta iya cikawa ba.

Ta tambayi Ovide ko akwai abin da ba daidai ba.

Ya ce, "Akwai. Kin rubuta ma'aikata suka zuba kayan a leda. Ni na zuba. Gyara."

Bai kalle ni ba. Na ƙone tabar Raylene a murhu da na dawo, na yi addu'a. Na sauke wannan.

Laraba, da hantsi

Shiru daga birni. Na fara takalmi na warware, na sake farawa. Ina ta tunanin mutanen nan masu karantawa, su waye, ko suna da 'ya'ya, ko sun ci abinci kafin su karanta.

Litinin, da rana

Adele ta bugo waya tana haki. An bar gidan har ƙanƙarar tafki ta narke, daga nan a sake dubawa. Dokar ƙofa kuma iyaye da tsofaffi ne za su zauna su sake ta, Raylene za ta dawo ta ga abin da muka yi. Ba a ce an bar shi har abada ba. Hunturu ɗaya ne.

Adele ta ce, "Kin ci sa'a, tsohuwa, da a gidanki zan tare da tukwanena."

Talata, da safe, a hanya

Muna gidan mai, Ovide ya shiga biya, bari in yi sauri.

Da sassafe na ji hon. Na fita da bargo a kafaɗa. Bai gaishe ni ba, ya ce wani ya ga Kendra a birni, kusa da wani wurin da ake raba miya. Ya ce, "Ba za ta shiga mota da ni ba. Ke ƙila ta tsaya ta saurare ki."

Na ce, "In ta ƙi fa?"

"Sai ta ƙi. Ɗauko rigar sanyinki, Inna."

Ban taɓa zuwa birnin nan ba sai asibiti, ban san ta ina ake fara neman mutum ba. Amma ɗazu na waiga. Tun da ya sayi motar nan kujerar baya cike take da ragar kifi da galan da tarkacen ƙarfe, ban taɓa sanin launinta ba. Yau ya kwashe komai, ya share, an samu wurin zama. Ruwan toka ce.

Ga shi nan yana fitowa.